Warƙa Goma Sha Ɗaya

Ku samarin da kuke shigowa shagona kuna cewa in ara muku kile, wato filas, ku je ku ɗora wa mutane Linux, wai ai aikin minti ashirin ne, ban ce kun yi ƙarya ba. Minti ashirin ɗin ne. Ni ma na taɓa faɗin haka da bakina, har na naɗi muryata na tura wa duniya. Amma ku ja benci ku zauna tukuna.

Sunana Lawali. A nan Matamaye har gobe Lawali Mai Rediyo ake ce mini, ko da yake na manta rabona da buɗe cikin rediyo. Da ita na fara cin abinci. Wata shekara na tafi cin rani Kano, na ga tsofaffin kwamfutoci jibge a kasuwa kamar buhunan gero, na ce wannan kaya ko ba daɗe sai ya iso garinmu, kuma in ya iso sai ya lalace. Da na dawo sai na wuce Damagaram na zauna wurin wani ɗan ƙasar Benin mai gyara, wanda kowa ke kira Patron. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, amma wata shida mutumin nan bai bar ni na taɓa komai ba sai famfon keke. In buɗe na'ura, in hure ƙura, in rufe. In na bar ƙusa ɗaya a kan tebur sai ya sa in sake buɗewa in nemo inda ta fito.

A wurinsa na fara ganin Linux, a kan wani faifai da ya rubuta wa suna da bik, wato biro. Ya ce mini wannan shi ne tsarin da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya, kamar wancan da kamfani ke sayarwa, sai dai shi ba na kowa ba ne. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke rubuta shi, su bar shi a buɗe, wanda ya ga dama ya leƙa cikinsa, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, babu mai kama shi. Na yi ta jira ya faɗa mini inda cutar take. Na ɗauki shekara ina jira, ban gan ta ba.

Patron yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi. In an kawo na'ura, kafin ya taɓa ta sai ya zaunar da mai ita ya tambaye shi mene ne a ciki, sannan ya tambaya ina kuma aka ajiye irinsa. In mutum ya ce babu komai, sai ya sake tambaya. Ya kan ce duk wanda ya ce babu komai a na'urarsa bai tuna ba ne kawai. Ni kuwa a lokacin gani nake ɓata lokaci ne irin na mutumin da ke son a san shi ne mai shago.

Kayan aikina ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Turnabis uku na kwance ƙusa, tsohon buroshin haƙori, famfon keke da na gada wurin Patron, babban diski guda na ajiyar bayanai da nake naɗewa a tsumma saboda ƙura, panno mai ɗaukar hasken rana a kan rufi da batirin mota. Sai kile, ɗan abin nan da ake sokawa a gefen na'ura, guda uku a igiya a wuyana. Ɗaya na sababbin na'urori, ɗaya mai sauƙin nauyi na tsofaffi, ɗaya na ceto in abu ya ɓaci. Ku na farkon kawai kuke tambaya.

Aikin da ya fara yi mini suna na wani Alhaji ne daga Dungu, mai sayen gyaɗa. Ya sayo na'ura a Kano, in ya kunna ta sai ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama farkawa ba. Na ɗora mata mai sauƙin nauyin. Da ya zo ɗauka ya ga ta buɗe kafin ya gyara zamansa, sai ya ɓata rai, ya ce na musanya masa kayan ciki. Na ce Alhaji, in musanya na yi ai da mafi muni zan saka maka. Ya auna maganar, sannan ya je ya kawo mini ta surukinsa. Daga nan diraktocin lakwal, wato shugabannin makarantun boko, suka fara zuwa, da mai ɗaukar hoto, da masu buga wa mutane takardu a bakin ma'aikatar magajin gari. Kowa ƙorafinsa ɗaya ne a makon farko, wai an canza wa abubuwa wuri. A mako na biyu sai ka ji shiru.

Aikin Malam Sa'idu na Tsauni 'yarsa ce ta kawo mini shi. Madam Rabi, malamar lakwal ce a nan garin, mace mai kaifin kai wadda ba ta son a yi mata abin da za ta iya yi da hannunta. Ta ce mahaifinta yana da littafi da kakansa ya rubuta da hannu, gara ta fara cin gefensa, tana so a ɗauke shi a hoto kafin ya ƙare. Na hau moto, wato babur, na je. Malam ya fito da gafakar fata, ya kwance, ya buɗe. Littafin fiƙihu ne, ba a ɗinke ba, warƙa-warƙa kamar yadda na da suke, ɗari uku da 'yan kai. Karatun tsakiya ana samun irinsa wurin wasu malamai. Abin da babu irinsa a ko'ina shi ne na gefe. Kakan nan duk abin da ya faru a gidan sai ya rubuta a gefen warƙa da ajami, da siririn rubutu: wa ya haifi wa, daga wane gari suka taso, shekarar da aka haƙa rijiya, shekarar da aka yi yunwa da waɗanda ta ɗauka. Mahaifin Malam ya ɗora nasa, Malam ma ya ɗora.

Kwana tara ina zuwa da safe. In yi alwala, mu shimfiɗa farin ƙyalle a bakin zaure inda haske ke shiga, Malam ya ɗora warƙa, in ɗauka, ya juya bayanta, in ɗauka. Da na gama na sa wa kowane hoto lambarsa, na zuba su a na'urar Madam Rabi. Tana kan tsarin kamfani a lokacin. Na so in canza mata, ta ce in bari, takardun ajinta na ciki. Na kuma sayi sabon kile ƙarami na zuba kwafi na biyu, Malam ya karɓa ya sa a gafaka tare da littafin. Ya ce kada in bar na uku a shagona, domin akwai maganganun cikin gida a gefen warƙoƙin nan. Na share nawa a gabansa. Kuma da zan hau moto, don daɗin aikin da na ji, na ce masa yanzu ko wuta ta ci takardar nan littafi yana nan wuri biyu. Ya ce alhamdu lillahi.

Shekara biyu bayan haka muka shiga mummunar shekarar nan da aka rufe iyaka. Kun san ta, amma ba ku san ta a cikin shago ba. Kayan gyara daga Kano suka tsaya. Kuran, wato wutar lantarki, ya koma baƙo, in ya zo a yi ta murna. Na'urar da ta mutu ta mutu ke nan, wadda ke ja da ƙyar kuwa mai ita ba shi da halin sauya ta. A nan Linux ya yi rana, don tsohuwar na'ura ba abin da ke tashinta kamarsa. Sai dai mai ya yi tsada, mutumin Dawce ba zai ɗauko moto ya zo Matamaye saboda kwamfuta ba.

Muna da zaure a waya, mu masu amfani da tsarin, daga nan har Damagaram da Magarya. Duk Juma'a nakan ba da labarin abin da ke akwai: sabon fitowa ya sauka, wane ne ya riga ya sauke shi inda rezon intanet ke da ƙarfi, wane direba zai taho da kile, wane iri ne ya fi dacewa da tsohuwar na'ura. Mutum ɗaya ya sauke, ashirin su kwafa. A zauren nan aka matsa mini, aka ce tunda ba a iya zuwa wurina, in koya wa mutane su yi da kansu. Yawancinsu sun fi son ji da karantawa, don haka na yi bokal, saƙon murya, kashi bakwai. Na ce aikin minti ashirin ne. A na biyu na ce a samo kile a ɗora tsarin a kansa, zai share abin da ke kan kilen, ba komai. A na biyar na ce in an iso inda zai tambaya yadda za a yi da diski, a zaɓi na farko, zai nuna gargaɗi da Faransanci mai ban tsoro, kada a damu, haka yake yi wa kowa, tsohon tsarin ne zai share da duk ciwonsa. A na bakwai na ce da an gama a sauke duk sabuntawar da ya nema.

Kun ji abin da babu a ciki. Tambayar Patron babu ita. Ban tsallake ta da gangan ba. A lokacin da nake magana, na'urorin da ke cikin kaina irin na shagona ne, waɗanda ake kawowa daga kasuwa babu komai a cikinsu. Tambayar kuwa ta zame mini jiki, ina yin ta ne in mutum na zaune a gabana, kuma ranar babu kowa a gabana sai waya. Bokal ɗin suka yi tafiya. Aka ce an ji su a Daura, an ji su a Kano. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Wata Laraba da hantsi Madam Rabi ta shigo da na'urarta a jaka, fuskarta cike da fara'a. Ta buɗe ta juyo mini da ita, na ga Linux yana zaune daram. Ta ce ita da kanta ta yi, ba ta tambayi kowa ba, ta bi bokal ɗina ɗaya bayan ɗaya, yau kwana uku tana aiki da shi kamar sabuwa. Na yaba mata. Sannan ta ce abu ɗaya ne ya kawo ta.

“Baba Lawali, shi wannan a wane ɗaki yake aje takardun da? Na duba ban ga littahin Baba ba.”

Na jawo na'urar na buɗe inda ya kamata a ga kaya. Fili fetal. Na duba yadda aka raba diskin, na ga tsarin ya cinye shi daga farko har ƙarshe. Ban kashe ta yadda ake kashewa ba, hannuna kawai na kai na zare batirin. Ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Na ce ba komai, ai akwai kilen da ke gafakar Malam.

Ta sa hannu a jaka ta fito da shi ta ajiye a kan tebur. Ta ce ai shi ta yi amfani da shi. Nan kusa babu inda ake samun kile, ta tuna da wannan, ta je Tsauni ta karɓo. Ta ji na ce zai share abin da ke kai, ta ce ba damuwa tunda littafin yana cikin na'ura, in ta gama sai ta mayar. Da ta iso gargaɗin kuma ta tsaya ta karanta shi sau biyu, ta tsorata, sai ta sake sauraren bokal na biyar ta ji na ce tsohon tsarin ne kawai.

Na zauna a kan batirin mota. Kwafi biyu na yi da hannuna, kuma muryata ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta share. Matar nan ba ta kauce wa maganata ko sau ɗaya ba. Na ce to, wahala ce ta same mu, amma wahala kawai. Za mu koma mu sake ɗauka, kwana tara ne.

Sai na ga fara'ar ta bar fuskarta gaba ɗaya. Sannan ta gaya mini cewa daminar da ta biyo bayan aikina rufin ɗakin Malam ya yi yoyo yana wajen ta'aziyya a wani gari. Kafin ya dawo ruwa ya jiƙa gafakar, warƙoƙin suka manne suka zama curi ɗaya, tawada ta narke, suka yi funfuna. Ya ciro kilen ya shanya, aka gwada, yana aiki. Curin kuwa, da yake akwai sunayen Allah a ciki, bai yarda ya bar shi ya wulaƙanta ba. Ya naɗe shi a farin ƙyalle ya binne a wuri mai tsarki a bayan gida. Ta ce bai ma yi baƙin ciki sosai ba, ya ce Lawali ya ce littafi yana nan wuri biyu.

Yanzu ku buɗe kunne, don wannan shi ne aikin, ba ɗorawa ba. In an share diski irin tsohon nan mai juyawa, kayan ba sa gushewa nan take. Sunayensu da jerinsu ne ke tafiya, su kuma suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Shi ya sa na zare batir. Duk minti ɗaya da na'urar ke kunne tana iya taka wani abu. Sabon tsarin ya riga ya zauna a kan wani sashe, sabuntawar da na ce a sauke ta zauna a kan wani, aikin kwana uku ya ci nasa. Na tayar da na'urar da kilen ceto, ban bar ta ta taɓa diskinta ba, na kwafe shi ɗungurungum zuwa babban diskina. Ba a aikin ceto a kan asali, a kan kwafi ake yi. Kuran bai zo ba, panno ne ya ɗauki nauyin, ina tsaye ina kallon batir ina kallon sama kada hadari ya taso. Sannan na saki manhajar da ke bin diski taku-taku tana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto. Kilen kuwa ƙarami ne, tsarin ya haye kusan dukkansa, ban samu abin kirki a kai ba.

Kwana biyu manhajar ta yi tana tsinta. Abin da ya fito ya fi dubu goma, babu mai suna ko ɗaya, sai lambobin banza. Hotunan biki, hotunan 'yan aji, tambarin manhajoji, da warƙoƙin Malam a warwatse a tsakaninsu, wasu rabinsu ya koma toka-toka. Na ce bari in jera su da lokacin da aka ɗauka, sai na tuna kyamarar da na yi aikin da ita tsohuwa ce, duk sanda aka canza mata batir agogonta sai ya koma rana ɗaya. Na ware na littafin da ido. Ina da tarin shafuka a gabana, ban san na farko ba, ban san na ƙarshe ba, ban san nawa ne babu ba.

Madam Rabi ta ce ita za ta gaya wa mahaifinta. Na ce a'a, tare za mu. Mun same shi a zaure bayan azahar. Na durƙusa na faɗi komai yadda yake, na ce laifin ba nata ba ne. Ya saurara har na gama, bai motsa ba. Sai bakina ya kuɓuce, na ce ko za a duba inda aka binne, wataƙila wani abu ya saura. Ya ɗago ya dube ni.

“Lawali, wanda aka ruhe ana tone shi?”

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na girma. Sannan ya ce in nuna masa abin da ya fito. Na buɗe hoto ɗaya, na ce matsalar ita ce babu jeri. Ya matso da fuskarsa, ya sa yatsa a kusurwar ƙasa, inda wata 'yar kalma take zaune ita kaɗai a ƙarƙashin layin ƙarshe. Kwana tara na yi ina ɗaukar warƙoƙin nan ban taɓa tambayar ta mece ce ba. Ya ce littafin da ba a ɗinke ba ai iska na iya watsa shi, yaro na iya ture shi. Don haka mai rubutu in ya cika bayan warƙa sai ya sa kalmar farko ta warƙar da ke biye a nan ƙasa. Kowace warƙa tana kiran ta gabanta. Ya ce in bugo masa su a takarda.

Na bugo su duka a Matamaye, na kai a kwali. Aka shimfiɗa tabarmi uku a zaure. Gaba da bayan warƙa ɗaya Malam yakan haɗa su da cin gara da tabon ruwa, don ramin da ke dama a gaba shi ne ke hagu a baya. Warƙa da warƙa kuma sai da 'yar kalmar nan. Idonsa ya yi rauni, don haka Madam Rabi in ta tashi daga lakwal sai ta zo ta riƙa karanta masa, shi kuma ya ce a nemo mai farawa da kaza. Ni aikina miƙo takarda da danne ta da dutse. Na yi shekaru ina taƙama da cewa na iya ceto, ga shi na'urata ta kawo tarkace, dabarar wani tsoho da ya rasu tun kafin a haifi ubana ita ce ke jera su.

Mako uku muka yi. Wani lokaci Madam Rabi za ta karanta kalmar, mu birkice tabarmi uku, babu warƙar da ta amsa. Sai Malam ya ce a sa farar takarda a wurin, a ci gaba. Da aka gama na ƙirga fararen. Goma sha ɗaya.

Karatun tsakiya na waɗannan, Malam ya ce zai aika Kance a kwafo daga littafin wani abokinsa. Na gefe ne babu inda za a aika. Wasu ya tuna ya faɗa aka rubuta. Amma a ɗaya daga cikinsu ne kakan ya rubuta sunan mahaifiyarsa da garin da aka auro ta. Malam ya ce ya karanta layin nan ya fi a ƙirga, yana ganin inda yake a gefen hagu, yana ganin har yadda alƙalamin ya karkace, amma sunan ya ƙi zuwa. Ya ce abin da ke rubuce a gidansa bai taɓa wahalar da kansa da haddarsa ba. Ya tambayi ƙanwarsa, ya tambayi tsofaffin unguwa. Babu wanda ya sani.

Na koma zauren waya na goge bokal ɗin nan bakwai, na yi sababbi, na farkonsu ba komai a ciki sai tambaya: mene ne a na'urarka, ina kuma irinsa yake, ka gani da idonka yau? Na roƙi duk wanda ya tura tsofaffin ya bi su ya janye. Amma abin da ya shiga wayoyin mutane ya shiga. Watan da ya wuce wani da bai san ni ba ya turo mini na biyar ɗin, ya ce in saurari wannan malamin, ya iya bayani. Na saurari kaina ina cewa kada a damu.

Ranar da aka ɗaure bugaggun warƙoƙin littafin a sabuwar fata Malam ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da Madam Rabi, ga tawada ga alƙalamin kara. Ya zaro warƙar ƙarshe ya nuna mini. A ƙasanta kakansa ya rubuta cewa shi wane ɗan wane ne ya rubuta littafin, yana neman wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ƙarƙashinsa mahaifin Malam ya ƙara layi, cewa shi ya sabunta warƙa shida da suka yage. Malam ya ce duk wanda littafin nan ya bi ta hannunsa aka kwafe shi, sunansa na nan. Ya ce ni ma na kwafa, don haka za a sa nawa. Sannan ya faɗa wa 'yarsa abin da za ta rubuta: cewa Lawali na Matamaye ya ɗauke littafin da na'ura bayan gara ta taɓa shi, ta hannunsa ya tsira, kuma ta hannunsa warƙa goma sha ɗaya suka fita, a cikinsu har da sunan uwar mai littafi.

Na ce Allah gafarta Malam, a bar sunana gaba ɗaya, ba na son yabon, a yafe mini ɗayan. Madam Rabi ta ɗaga alƙalamin ta ce ita ce ta danna, in za a rubuta a rubuta nata. Malam bai dube ta ba.

“Na yahe maka tun ranar da ka zo da ƙahwarka,” in ji shi. “Ba don in kunyata ka ba ne. Wanda zai karanta bayanmu zai tarar da gurbi. Ya kamata ya san ba kakana ne ya mance da uwarsa ba.”

Madam Rabi ta tsoma alƙalami ta fara, ina jin ƙarar karan a kan takarda. Da ta iso sunana sai ta tsaya, domin a littafin nan ba a rubuta mutum shi kaɗai. Malam ya tambaye ni sunan mahaifina. Na faɗa, ta rubuta. Mutumin da ya yi noma a Dawce har ya koma ga Allah bai taɓa ganin kwamfuta ba, sunansa na nan a layin, kusa da warƙa goma sha ɗaya.